Shagon littattafan Kirista a Maradi

Shagon ƙarami ne, kuma babu allo a ƙofa. Da na tambayi mai shagon dalili, sai ya ce: "Malama, tun da aka ƙona cocin unguwar Zariya a watan Yunin 2019 na sauke shi." Maganar ta sosa min rai, don mu ma ƴaƴan garin nan ne. Amma maƙwabcinsa tela, Musulmi, shi ke tsare masa kaya in ya fita.

Akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa da na Faransanci, da littafin waƙoƙin sujada. Na saya wa Inna mai manyan haruffa saboda idonta, ɗinkinsa da ƙwari. Littattafan yara ne suka yi kaɗan, duk kuma na Faransanci. Ku je da safe, da azahar yake rufewa.