Gayya da haya: girid ya mutu ne tun da kilawud ya zo?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai sauran amfani a koyon girid (grid), wato tsarin haɗa kwamfutoci da yawa su yi aiki ɗaya, tun da kowa yanzu zancen kilawud (cloud) yake yi, har wani ya ce maka girid tsohon yayi ne. Bai mutu ba. Kasuwa ce ya bari, ya koma inda aka haife shi, wato wajen masu binciken kimiyya.

Girid gayya ce. Jami'o'i da cibiyoyin bincike, kowacce da kwamfutocin da ta saya da kuɗin ƙasarta, sai su yarda su taru a kan aiki ɗaya, amma kowa na riƙe da kayansa. Masana kwamfuta Ian Foster da Carl Kesselman ne suka yaɗa sunan a ƙarshen shekarun 1990, sun aro shi daga layin wutar lantarki: ka jona ka sha, ba ruwanka da tashar da ta ba da wutar. Kilawud kuwa haya ce. Kamfani ɗaya ke da rumbunan kwamfutoci, kai kuma ka biya gwargwadon abin da ka ci. Amazon ya buɗe wannan kasuwa a 2006, Microsoft ya fito da Azure a 2010.

A nan aka yi wa girid fintinkau. Kafin ka shiga gayya sai kana cikin ƙungiyar bincike, sai an ba ka takardar shaida ta intanet, sai manhajarka ta dace da cibiyoyin da kowacce ke da nata tsari. A kilawud katin banki kawai ake nema, cikin 'yan mintuna ka samu na'ura. Wato mafarkin da masu girid suka yi, masu ba da haya ne suka cika shi ga gama-garin mutane. A 2018 ma aka daina kula da Globus Toolkit, manhajar da ta daɗe tana ɗauke da girid.

Amma leƙa CERN, cibiyar binciken kimiyya ta Turai da ke kusa da Janiba, inda na'urar LHC mai zagayen kilomita 27 ke gwara ƙwayoyin zarra. Bayanan da take zubarwa sun fi ƙarfin cibiya ɗaya, shi ya sa ake raba su ga cibiyoyi kimanin 170 a ƙasashe sama da 40. Da wannan gayyar aka tace bayanan da suka kai ga gano ƙwayar Higgs a 2012, kuma har yau tana aiki dare da rana. Me ya hana su komawa haya? Lissafi. Wanda zai yi tafiya sau ɗaya a wata, shatar mota ta fi masa. Wanda kullum yake kan hanya, gara ya sayi tasa. Ga kuma kuɗin fitar da bayanai: manyan kamfanonin kilawud ba sa karɓar komai idan za ka zuba bayananka, amma in za ka kwashe sai ka biya, kuma masu bincike kullum cikin kwasa suke. Akwai dalili na uku da ni na fi ba shi muhimmanci. Gwamnatin da ta ba da kuɗin bincike ta fi son a kashe shi a gida, a sayi na'ura, a horar da 'ya'yanta. Haya ba ta barin wannan gado.

Gaba kuma fa? Ina ganin cuɗanya ce, kuma tuni ta fara. A 2016 cibiyar Fermilab ta Amurka ta yi hayar ƙwaƙwalen sarrafawa kimanin 160,000 daga Google na 'yan kwanaki, ta haɗa da nata don aikin CMS, ɗaya daga cikin gwaje-gwajen LHC. Kamar manomi ne da ke da 'yan gayyarsa, amma idan kaka ta matse sai ya ƙara da 'yan ƙwadago. Lokacin kaka kuwa na tafe, domin ana inganta LHC ta riƙa fitar da bayanai ninkin-ba-ninkin daga wajajen 2030. Na'urar hangen sararin samaniya ta SKA da ake ginawa a Afirka ta Kudu da Ostareliya ita ma cibiyoyin ƙasashe daban-daban za su raba nauyin bayananta.

In aikin kamfani kake nema, fara da kilawud, can guraben suke. In bincike ka nufa, kada ka yi watsi da girid, musamman da yake hayar nan da dala ake lissafinta, kuma ka san yadda dala ke yi wa kasafin jami'o'inmu. Ko wanne ka ɗauka, ka ƙware a Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da irin waɗannan na'urori, ka koyi Docker, mai ƙunshe manhaja ta yi aiki a kowace na'ura, ka kuma gwada HTCondor don ka ga yadda ake jera dubban ayyuka a layi ana raba wa na'urori.