Bishiyar Kirsimeti: Ɗanya ko Ta Roba?

Iyalin da ke shirin ƙawata falo don Kirsimeti sukan zaɓi bishiya ɗanya ko ta roba. Ɗanyar, wadda al'adar kafa ta a gida ta yaɗu daga Jamus, tana cika ɗaki da ƙamshi, amma sai an riƙa zuba mata ruwa, domin idan ta bushe ganyenta yakan zube, kuma tana saurin kama wuta. Ta roba, wadda akasari ake ƙerawa a Sin, ba ta buƙatar wannan hidima, naɗe ta kawai ake yi a ajiye sai baɗi. Sai dai ba ta ruɓewa idan an yar da ita, saboda haka a ganina ta fi dacewa da gidan da zai daɗe yana amfani da ita.