Kwafin rumbu ko vSphere Replication: wanne ya fi saurin tashi ranar gwaji?

Malam, ka tambayi wanne ya fi saurin tashi tsakanin kwafin da rumbun ajiyar bayanai ke yi da kansa da vSphere Replication, manhajar kwafi ta VMware, ranar gwajin komawa cibiyar ko-ta-kwana. Kafin ka zaɓa tsakanin biyun, ka sani cewa jinkirin da fayafayanka ke yi kafin su hau, wato su zama a shirye don aiki, ranar gwaji yawanci daga tsarin kwafin yake fitowa, layin da ya haɗa cibiyoyinku biyu ba shi da laifi sosai.

Idan rumbun ajiya ne ke kwafi da kansa, Site Recovery Manager, manhajar VMware mai tafiyar da gwajin, zai umarce shi ta hanyar SRA, wato manhajar da ke haɗa shi da rumbun, ya ɗauki hoton kowane LUN, wato yankin rumbu da saba ke gani kamar faifai guda, ya miƙa wa sabobin ESXi, masu ɗauke da na'urorinka, na cibiyar ko-ta-kwana, kowace saba ta sake lalube hanyoyinta, a gane cewa VMFS ɗin, wato tsarin fayilolin da ke kan LUN ɗin, kwafi ne, a buga masa sabon hatimi har sunansa ya fito da snap a gaba, sannan ya hau. A wajen laluben nan lokaci ke salwanta, musamman idan an taɓa goge LUN a rumbu ba a fara cire shi daga saba ba, domin sabar za ta tsaya jiran matacciyar hanya ta amsa mata. Ka buɗe vmkernel.log, fayil ɗin rahoton sabar, ka nemi APD ko PDL, alamun cewa saba ta daina samun wani LUN, ka share matattun hanyoyin tukuna. Wasu za su ce ka ƙara hostRescanTimeoutSec, wa'adin jiran laluben, daga daƙiƙa 300 da yake zuwa da ita. Wannan zai hana gwajin faɗuwa, amma ba zai rage jiran ba.

Ni dai vSphere Replication nake amfani da shi, kuma ya kwantar mini da hankali. Shi fayilolin faifan kowace na'ura yake kwafewa zuwa ma'ajiyar da ta riga ta hau a ɗaya cibiyar, saboda haka babu lalube, babu sabon hatimi. Ranar gwajinmu na farko da shi, mai binciken da aka turo ya ja kujera ya buɗe littafinsa da niyyar dogon zama, kamar yadda muka sabar masa, sai ga na'urorin suna kunnuwa ɗaya bayan ɗaya tun bai gama rubuta kwanan wata da sunayenmu ba. Abin da za ka haƙura da shi shi ne tazarar kwafi: a sigar da nake da ita mafi ƙaranci minti 5 ne, wato idan gobara ta tashi kana iya rasa aikin minti 5 na ƙarshe.

Kwafin rumbu kuwa mun taɓa sayensa da tsada, kuma abu ɗaya zan yaba masa: yana iya rubutawa a cibiyoyin biyu lokaci guda, ba a rasa komai.

Ka koma vSphere Replication. Idan akwai ma'ajiyar bayanan kuɗi da ba za ta jure asarar ko daƙiƙa ɗaya ba, ita kaɗai ka bari a kan rumbu, da LUN kaɗan laluben zai yi sauƙi.

Ka kuma yi hattara da dillalai. Akwai masu kawo tsohon rumbu da kwantiragin kulawarsa ya ƙare su ce sabo ne, alhali SRA ɗinsa ba ya cikin jerin kayan da VMware ta amince da su ga sigar da kake da ita. Akwai kuma masu tallan lasisin dindindin, bayan Broadcom, mai kamfanin VMware, ta daina sayar da shi tun Disamban 2023. Kada ka biya ko kwabo sai dillali ya rubuta maka lambar rumbun da ta lasisin, ka tabbatar da su wurin kamfanin da kanka.