Faifai biyu na Throbbing Gristle: da wanne za a fara?

Ɗan'uwa, ka tambaya tsakanin The Second Annual Report da Heathen Earth wanne ya fi nuna yadda kiɗan indastiriyal, salon kiɗa mai ƙara da amo irin na injinan masana'anta, ya faro a gaban jama'a. Duka biyun aikin ƙungiyar makaɗa ta Throbbing Gristle ne, mutum huɗu 'yan Ingila: Genesis P-Orridge, Cosey Fanni Tutti, Chris Carter da Peter Christopherson. Kamfaninsu na Industrial Records ne ya fitar da su, kuma daga sunansa salon ya samo suna.

Na farkon ya fito a 1977, kwafi 785 kacal aka buga da farko. Fuskar farko ta faifan galibi gutsattsarin wasannin da suka yi ne a Landan da Southampton da Brighton, har da na zauren ICA, cibiyar fasahar zamani ta Landan, a watan Oktoba 1976, lokacin baje kolin da ya sa ɗan majalisa Nicholas Fairbairn ya kira su masu rusa wayewa. Sautin a dagule yake, sai ka ce rediyon da batirinsa ya kusa mutuwa an ajiye shi kusa da injin niƙa. Murya tana nutsewa cikin gurnanin na'ura. Waƙa guda ma sau uku aka maimaita ta, daga gari uku, kowace da kamanninta. Kana saurare kana jin cewa yawancin mutanen da ke zauren ba su san abin da suka shigo ba, kuma makaɗan ba su damu da lallashinsu ba.

Heathen Earth kuwa a dare ɗaya aka naɗe shi, 16 ga Fabrairu 1980, a situdiyonsu da ke titin Martello a unguwar Hackney ta Landan, gaban 'yan gayyata kaɗan. Shiga ɗaya, ba tsayawa. A nan za ka bambance ƙahon Cosey da bugun na'urorin Chris Carter, har akwai inda kai zai ɗan kaɗa. Sai dai abokai ne a ɗakin, babu mai tsaki balle mai ficewa, wannan zafin na fito-na-fito ya ragu.

Ni dai da Heathen Earth nake cewa a fara, don kunne ya saba tukuna. Amma in tambayarka ta tarihi ce, yadda abin yake ranar da aka fara jin sa, na 1977 za ka nema. Ka sa abin kunne, kada mutanen gida su ɗauka wayarka ce ta lalace.