Goron Tula da kwalbar mai lasifika: yadda suka yi mini

Mu a Gombe goron Tula ba baƙo ba ne. Tun kafin masu tallar kayan mata su cika Facebook da hotunansa, 'yan uwa na kawo mana shi tsaraba daga Tula ta ƙaramar hukumar Kaltungo, yara su yi ta tauna don zaƙinsa kawai. Yanzu da sunansa ya kai Abuja da Legas kuɗinsa ya tashi, kuma an ɗora masa aikin da ya fi ƙarfinsa.

Abin da ya kai ni gare shi raguwar sha'awa ce. Lafiyata lau, amma in na taso daga shago babu abin da nake nema sai matashin kai, har uwargida ta fara zargin ko akwai wata a waje. Na sayi busasshe a wurin wani dattijo a tsohuwar kasuwa, ya zaɓo mini wanda bai yi fumfuna ba, ya ce, "Alhaji, ka bi shi a hankali, wannan ba allura ba ce."

Ɗan itace ne mai launin ƙasa, yana rabuwa ɓari-ɓari, da 'ya'ya a ciki. Da farko tauri gare shi, sai ka daɗe kana tauna sannan ya saki zaƙi da yauƙi kamar na kuɓewa, ka tsotse ka tofar da tuƙar. Mai ciwon haƙori gara ya jiƙa shi a ruwan ɗumi ya kwana. Haka muka koma yi a gida, uwargida ta tace ruwan ta haɗa da aya da dabino da 'yar citta da kanumfari, mu sha tare bayan isha'i. Daɗi kam ba a magana.

Ya yi aiki? Kaɗan, kuma a hankali. Cikina ya saki, jikina ya ɗan warware, sha'awar ta fara dawowa bayan wasu makonni. Amma ba zan rantse goron ne shi kaɗai ba, don lokacin ne na daina kai ƙarfe ɗayan dare a wurin mai shayi, kuma zaman haɗa tsimin nan ya sa muna hira yadda muka daɗe ba mu yi ba. Ita dai ta fi ni yabonsa, ta ce mata sun fi ganin amfaninsa wajen ni'ima.

Kwalbar kuwa wani aboki ne ya ba ni, irin wadda ake talla a mota da lasifika, ana ambaton abin da kunya ba ta bari a maimaita. An rubuta wai zallar itatuwa ce, da gagai da zuma. Ban yi awa ɗaya da shan cokali biyu ba fuskata ta ɗau zafi, hancina ya toshe, kaina ya riƙa sarawa, zuciya na bugun uku-uku. Ƙarfi ya zo, ba ƙarya, sai dai sha'awar tana nan inda na bar ta. Da na kwatanta wa wani mai ilimin haɗa magunguna, bai ko yi mamaki ba. Ya ce alamomin sun yi kama da na sildenafil, sinadarin da ke cikin Viagra, wanda hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta sha gargaɗi cewa ana zuba shi a ɓoye cikin irin waɗannan haɗe-haɗen. Shi wannan sinadari jijiyoyin jini yake buɗewa, ba ya haifar da sha'awa, kuma in ya haɗu da wasu magungunan ciwon zuciya jini na iya faɗuwa ƙasa warwas. Na juya kwalbar, babu lambar NAFDAC, babu adireshi, babu ranar lalacewa. Ya ƙara da cewa ko maganin gargajiya mai lamba, wadda ke ƙarewa da harafin L, shaida ce cewa an duba bai da cutarwa, ba wai hukumar ta tabbatar yana warkar da abin da aka rubuta a jikinsa ba.

Shi ne ya matsa mini in je a auna mini suga da hawan jini, domin ciwon suga, da wasu magungunan hawan jini, da tiramol, duk suna iya kashe sha'awar namiji. Nawa ya fito lafiya, alhamdulillahi. Mai suga kuma ya lura, haɗin dabino da zuma ba nasa ba ne.

Goron Tula zan sake saya, a hannun wanda na sani, ɗanyensa ko busasshe, ban da garin da aka ƙulla a leda wanda ba ka san me aka cuɗa a ciki ba. Kwalbar kuwa na tuttular da sauran a kwata, na kuma gaya wa abokina, don shi yana shan maganin hawan jini.