Gadon lilo maimakon tanti: ya biya kuɗinsa, amma ba a ko'ina ba

Masu tambayata batun gadon lilon nan da na saya don yawon daji, wato irin wanda ake ɗaurewa tsakanin bishiya biyu a kwanta a ciki, to gaskiya na ji daɗinsa. Na yadin nailan ne, da gidan sauronsa a ɗinke mai zif, sai ƙaramin tamfol na rufe sama. Ka naɗe shi ya shige gefen jakar goyo, babu sandunan tanti masu cin wuri, kafaɗa ta huta.

Inda ya fi burge ni shi ne gandun dajin Gashaka Gumti a Taraba, wajen da bishiyoyi suke a cike. Da tanti sai ka yi ta neman fili, ka share tsakuwa da saiwa, ƙasa kuma ga danshi ga cinnaku ga fargabar kunama, amma shi gadon lilo, bishiya biyu kawai kake nema masu tazarar mita 4 zuwa 5, ka ɗaura ka gama. Kar ka ja shi ya yi tsam, bar shi ya ɗan sauko, kuma ka kwanta a karkace ba a miƙe ta tsakiya ba, a nan ne bayanka zai kwanta sosai. Wallahi ban tashi da ciwon ƙugu ba.

Matsalarsa sanyi ne, kuma ta ƙasa yake shigowa. Nauyinka yana danne bargon da ke ƙarƙashinka, iska kuma tana wucewa ta ƙasan, sai ka ji bayanka ya yi ƙanƙara alhali sama ka rufa. A duwatsun Shere na Jos lokacin hunturu na sha wannan, dole sai da siririyar katifar soso a ciki. Ita ce ma ke hana sauro cizo ta jikin yadin.

Sannan saman Shere galibi dutse ne da ciyawa, sai ka sauko kafin ka samu bishiyar kirki. Wanda zai hau dutsen Chappal Waddi na Taraba, mai tsawon mita 2,419, ya ɗauki tantinsa don can sama ma ciyawa ce. Mata kuma da mai tafiya da iyali, sirrin canza kaya yana tanti.

Dan Allah a riƙa ɗaurawa da bel mai faɗi, igiya siririya tana yanke ɓawon bishiya, kuma a ɗaga kai a duba busasshen reshe kafin a kwanta.