Radiyetar tururi ko hit famfo, wanne za a zaɓa?

'Yan uwa masu tsofaffin gidaje a Bronx da ke birnin New York sai tambayata suke, a gyara radiyetar tururi, wato ƙarfen nan mai ɗumama ɗaki da tururi, ko a sa hit famfo, na'urar lantarki mai ɗumama gida? Gaskiya tsohuwar radiyetar nan ƙarfen zubi ce, tana kai shekara 100, galibi ɗan bawul ɗin iska na gefenta ke toshewa kuma canza shi ba tsada, in tana ƙwanƙwasa ruwa ne ya kwanta, a ɗan karkata ta wajen bututu. Amma farin naɗin tsofaffin bututun nan yana iya zama asbestos, wani abu mai illa ga huhu in an shaƙi ƙurarsa, don Allah kar ku taɓa. Hit famfo sawa akwai tsada, sai dai lokacin zafi har sanyi yake bayarwa. Mai lafiyayyar tukunyar da ke dafa ruwa ta ba radiyeta tururi ya gyara, wanda tasa ta mutu kuma yana da hali ya canza.